Tattabarun Ɗakin Sama

Auta ce ta ɗauki katifar Baba a kanta ta kai ɗakin sama, shi ya sa duk abin da ya biyo baya ya tsaya mata a rai.

A lokacin, abin ya yi kama da dabara. Baba ya daɗe yana tari, busasshen tari marar majina, irin wanda ke tsayar da mutum a tsakiyar magana. Ya rame har wandonsa ya fara zame masa. A ƙaramin asibitin unguwarsu aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ɗaga shi a hasken taga, aka ga wani hazo-hazo a cikin huhun. Gwajin da aka yi masa bai nuna komai ba, amma ma'aikacin lafiyar ya ce ba kowane tarin tibi ne ke fitowa a gwaji ba, sai ya ɗora shi a kan magani. Da ya ji akwai ƙaramar yarinya a gidan, ya ƙara da cewa a ware wa dattijon ɗaki mai iska, nesa da ita.

Yarinyar ta Auta ce. Mijin Auta yana aiki a wani gari mai nisa, don haka ita da 'yarta suke zaune da Baba tun rasuwar Mama. Ɗaki mai iska kuwa ɗaya ne a gidan, na saman bene, mai taga biyu, wanda bangonsa ɗaya da akurkin tattabarun Baba.

"Da na san tari zai kawo ni nan, da tuni na fara shi," in ji Baba, ranar da ya zauna a bakin katifar yana kallon tsuntsayensa ta taga.

Har yanzu Mai Rediyo ake ce masa a layinsu, duk da cewa shagon ya daɗe a rufe, tun da mutane suka koma jin labarai a waya. Abin da ya rage masa na sana'ar shi ne sunayen da yake sa wa tattabarunsa. Akwai Batir, akwai Sifika mai yawan kuka, akwai kuma Eriya, wani tsohon namiji mai ruwan toka da ke tashi sama fiye da kowa. Idan Baba ya yi fito sau ɗaya, duk inda suke a sararin sama sai sun juyo. Abokin hamayyarsa a kiwo, wani dattijo da ake kira Dogo a can ƙarshen gari, ya yi shekaru yana roƙon a ba shi ko da ƙwai biyu ne na jinin Eriya. Baba ya rantse ko ɓawon ƙwan ba zai gani ba.

Baba ya sha maganin tibi wata da watanni, bai tsallake rana ba. Fitsarinsa ya koma ja, abinci ya fita daga ransa, tarin kuwa yana nan. Auta ta ware masa kofi da faranti. Idan yarinyar ta rarrafa gindin matakala tana kiran kakanta, sai ta sure ta ta mayar ɗaki, Baba yana leƙowa daga sama yana cewa, "Amarya, yi haƙuri, mijinki na zaman gudun hijira." Sau biyu numfashinsa yana sarƙewa har a ba shi gado a asibiti, kuma duk lokacin, kafin mako ya zagayo sai ya warware, ya fara tsokanar masu jinya. A sallame shi, ya koma ɗakin sama, ba a jima ba ciwon ya dawo sabo.

"Baba dai gadon asibiti yake so," in ji Yaya, babban wan Auta, wanda ke zaune da iyalinsa a wani gidan haya kusa da wurin aikinsa. Ya faɗa da wasa, amma babu wanda ya yi dariya. A kwanciya ta biyu ne aka tura su sashen ƙirji na babban asibiti, aka ce a yi masa hoton sikanin kafin ranar ganin likita.

Ranar da suka je, Baba ya sa hularsa mai kyau da takalmin fita unguwa. Wurin jiran dogon ɗaki ne mai bencina, kowa da takunkumi a fuska, kowa da irin tarinsa. Wata tsohuwa tana zaune rungume da silindar oksijin kamar mai riƙe da jariri. Auta ta sunkuyar da kai tana kallon takalman mutane, don ba ta iya haɗa ido da marar lafiya ba tare da ta ji kamar ta yi masa laifi ba.

Wata nas ta kira su. Ta maƙala wa Baba wani ɗan abu a yatsa, mai kama da abin matse shanya, lamba ta fito a jikinsa. Sannan ta ce ya yi tafiya a baranda, ya je ya dawo. Auta tana biye da shi, tana ganin lambar tana sauka da kowane taku. Kafin su kai ƙarshen barandar ya dafa bango, wai yana duba fentin. Bayan ya huta aka matse masa hanci, aka sa masa bakin wata na'ura.

"Ja numfashi, Baba, cika ƙirji. Yawwa. Hura! Hura, hura, hura, kar ka tsaya!"

Ya hura har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Da aka cire masa ya ce, "'Yata, ko gobara nake kashewa ai ya isa haka."

"Saura biyu," in ji nas ɗin.

Likitar mace ce mai furfura a gefen kai, da tabarau rataye a wuya. Ba ta yi gaggawar komai ba. Ta kama hannun Baba ta juya shi, ta daɗe tana kallon yatsunsa. Sai a lokacin Auta ta lura kawunan yatsun sun kumbura, faratan sun lanƙwasa kamar bayan cokali. Kullum tana miƙa wa hannun nan kofi, ba ta taɓa gani ba. Likita ta ɗage masa riga ta baya, ta ɗora abin sauraron ƙirji a ƙasan haƙarƙari, ta ce ya yi ta numfashi. Can ta cire shi daga kunnenta ta miƙa wa Auta.

"Ke ce mai jinyarsa? Zo ki ji, don ki san abin da muke magana a kai."

Auta ta sa a kunne. Duk lokacin da Baba ya ja iska, sai ta ji wata ƙara siririya, ƙas-ƙas-ƙas, can ciki.

"Me kika ji?" in ji Baba.

"Kamar rediyo idan tasha ta ɓace."

"To, ai shi ke nan. A kira mai gyara."

Likita ta yi murmushi ta koma kujerarta. Ta fara tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, tana kallon fuskarsa ba takarda ba. Yana shan taba? Bai taɓa ba. Ya taɓa aiki a wurin fasa dutse, ko injin niƙa, ko masaƙa? A'a. Bangon ɗakinsa yana jiƙa har ya yi baƙi? A'a. Ta tambayi yadda yake ji idan an kwantar da shi a asibiti, Auta ta ce nan da nan yake samun sauƙi.

"Da ya koma gida kuma sai ya dawo?"

"Eh."

"Akwai tsuntsaye a gidan? Kaji, aku, tattabaru?"

"'Yan tattabaru ne can a sama," in ji Baba da sauri. "Ba ruwansu da kowa."

Auta ba mai tsoma baki ba ce idan manya na magana, amma sai ta ji muryarta ta fito. "Ɗakinsa a jikin nasu yake. Mun mayar da shi can ne saboda iska."

Baba ya juyo ya dube ta. Ba harara ba ce, amma da harara ce da ta fi mata sauƙi.

"Wa yake share akurkin?" in ji Likita.

"Ni," ya ce. "Ba sa yarda da kowa."

"Ranar da ka yi shara da safe, yaya kake ji zuwa la'asar?"

Ya shiga murza bakin hularsa da ya cire ya ɗora a gwiwa. Likita ba ta matsa masa ba. Aka ji wani yana tari a waje, dogon tari, har ya gama.

"Sanyi yakan rufe ni," ya ce a ƙarshe. "Da ɗan zazzaɓi. Ƙirjin ya yi kamar an ɗaure da waya."

"Tun yaushe ka lura?"

"An kwana biyu."

Auta ta san abin da "an kwana biyu" ke nufi a bakin Baba. Ashe ya sani. Duk watannin nan da take ƙirga masa ƙwayoyi a tafin hannu, tana wanke kofinsa daban, ya san daga inda abin yake zuwa, ya yi shiru.

Likita ta sa tabarau, ta juyo da fuskar kwamfuta gare su. Ta ce ba tibi ba ne, kuma ba asma ba ne. Akwai wata ƙura mai laushi da ke fita daga gashin tattabaru da busasshen kashinsu. Mutane da yawa suna shaƙarta ba ta yi musu komai, amma jikin wasu yana ɗaukarta a matsayin abokin gaba, ya yi ta faɗa da ita a cikin huhu har huhun ya kumbura. Idan aka daɗe a haka, kumburin sai ya zama tabo. Ta nuna wani wuri mai fari-fari kamar gajimare a hoton.

"Wannan kumburi ne, magani zai iya rage shi." Ta sauke biro ƙasa, inda hoton ya yi ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. "Wannan kuma tabo ne. Ba ya komawa. Aikinmu shi ne kada ya ƙaru."

Ta ce a daina maganin tibi daga yau. Za ta ba shi wanda ke rage kumburi, amma yakan ɗaga sukari ya kumbura fuska, don haka za a riƙa duba shi. Zai buƙaci injin oksijin a gida. Sannan ta cire tabarau.

"Amma babban maganin ba a hannuna yake ba, Baba. Tattabarun za su bar gidan. Duka. A wanke wurin, kai kuma kada ka sake hawa."

"In na sa takunkumi fa?"

"Ba zai isa ba."

"In na rage su? In bar biyu."

"Huhunka ba ya ƙirga su."

Ya mayar da hularsa kai a hankali. Likita ta ce, "Akwai labari mai daɗi guda ɗaya. Ba a ɗauka. Ka rungumi jikarka yadda kake so."

Da Baba ya fita tare da nas, Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa ɗaga ido. "Likita, da ba mu kai shi sama ba fa?"

"Ciwon ya fara tun kafin nan, da shekaru," ta ce. "Amma ba zan ce miki ɗakin bai ƙara ba. An ba ki shawara, kin bi, don ki kare yarinya. Yanzu ki sauko da shi."

A ranar Auta ta sauko da shi, amma katifar ta bar ta a sama don ta cika da ƙurar. Yaya ya zo da yamma ya tsaya a tsakar gida, mukullin mota a hannu.

"A yanka su kawai a huta," ya ce.

"Ka fara da ni," in ji Baba daga cikin ɗaki.

"Haba Baba, tsuntsu ne fa."

"Kai ma lokacin da kake ƙarami ba ka fi su amfani ba, ban yanka ka ba."

Aka sasanta a kan wani abokin aikin Yaya da ke da lambu a bayan gari, yana kiwon kaji. Baba bai yi gardama ba. Abin da kawai ya tambaya shi ne a wane gefen gari lambun yake, kuma mutumin ya taɓa riƙe tattabara? Da aka ce bai taɓa ba, sai ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa albarka. Auta ta yi mamakin wannan sauƙin kai, amma ta gaji, ba ta bi ba'asi ba.

Aka kwashe su a kwanduna. Yaya ya kawo kafinta ya ɓaɓɓalle akurkin. Auta ta ɗaura takunkumi, ta yayyafa ruwa kafin shara kamar yadda Likita ta ce, don kada ƙurar ta tashi. Ta kankare busasshen kashi daga siminti, ta wanke bango da tagogi, ta zubar da katifar da labule. A saman kabad ta shafa yatsa ta ga wata farar hoda mai santsi. Ita ce ke sauka a fuskar Baba yana barci, watanni, ta tagogin da ita da kanta take buɗewa kowace safiya don ya sha iska.

Makonnin da suka biyo baya sun yi ɗan haske. Injin oksijin yana gunji a kusurwar ɗaki, siririyar roba a hancin Baba. Kumatunsa suka ciko saboda magani, ya ce a karo na farko a rayuwarsa ya yi kama da mai kuɗi. Yarinyar ta yi masa ƙiwa da farko, don ta manta da cinyarsa, daga baya kuma ba ta sauka, tana jan robar hancinsa, shi kuma yana cewa, "Amarya, za ki kashe mijinki ki ci gado? Injin nan ne kaɗai gadon."

Wata safiya Auta tana shanya sai ta ji wani kuka da ta sani. Ta ɗaga kai. Eriya ne a bakin katangar bene, yana zagaya inda akurkin yake a dā, yana kumbura wuya. Kafin azahar sun zama bakwai, washegari kusan duka. Mai lambun ya riƙe su kwana kaɗan, ya ga sun ci sun sha, ya buɗe musu don su sha iska.

Ta shiga ɗakin Baba. Yana kwance yana kallon silin, amma bakinsa ya tona shi.

"Ka san za su dawo," ta ce.

"Ni na ce su dawo? Ga ni nan a kwance, ko fito ba na iya yi."

Yaya ya sake kama waɗanda suka kamu ya mayar, suka sake dawowa. Babu akurki, babu hatsi, amma suna nan, jere a kan katanga, suna saukowa tsakar gida, suna zama a bakin tagar Baba. Auta takan kore su da tsintsiya kafin ta tafi makarantar da take koyarwa, ta dawo ta tarar da gashinsu a bakin ƙofa. Ranar wanki ta zazzage aljihun rigar Baba, tsabar hatsi ta zubo a cikin baho. Ta tsaya tana kallonta tana nutsewa a ruwan sabulu.  Ba ta san yadda ake yi wa uba faɗa ba.

Da suka koma asibiti, nas ɗin ta sa shi ya hura sau uku, ta dubi sakamakon, ba ta yi wasa da shi ba wannan karon. A baranda ma bai kai inda ya kai a dā ba. Likita ta saurari bayansa, ta zauna.

"Har yanzu akwai tsuntsu a gidan," ta ce. Ba tambaya ba ce.

Auta ta yi bayani, muryarta ƙasa-ƙasa. Ba ta ambaci hatsin ba.

Likita ta jawo kujerarta kusa da Baba har gwiwoyinsu suka kusa haɗuwa. "Baba, ni ba zan bi ka gida ba. Zan iya ƙara magani, amma kamar mai kwasar ruwa ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo. Tabon ya ƙaru. Idan ya ci gaba, wata rana daga gado zuwa banɗaki zai gagare ka. In tsuntsayen ba za su bar gidan ba, kai ka bar shi. Huhun naka ne, zaɓin ma naka ne. Ni dai na gaya maka gaskiya."

"Na gode, Likita," ya ce, da irin ladabin da yake yi wa wanda ya kawo masa rediyon da ba zai gyaru ba.

Bayan 'yan kwanaki, Auta ta dawo daga makaranta da rana, ta biya ta ɗauko 'yarta a gidan maƙwabciya. Tun daga ƙofa take jin gunjin injin. Ta leƙa ɗakin. Robar tana kan gado tana hura iska ita kaɗai, Baba ba ya nan.

A kan matakala ta same shi, daidai inda matakalar ta karya kwana. Yana zaune ya jingina da bango, bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun yi duhu. Hatsi ya watsu a matakalar daga wani gwangwani da ya suɓuce masa. Ya yi rabin hanya, ya kasa ƙarasawa, ya kuma kasa saukowa. A can sama, a bakin ƙofar da ke buɗe, tattabaru uku suna leƙowa suna karkata kai.

Ta ajiye yarinyar, ta ruga ta jawo ƙaramar silindar da suke ajiyewa saboda ɗaukewar wuta. Ta hau da ita mataki-mataki, ta sa masa robar, ta buɗe. Ta haura ta rufe ƙofar sama, ta dawo ta zauna a matakin da ke ƙasa da shi, ta riƙe ƙafarsa.  Sun daɗe a haka, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, kafin launin bakinsa ya fara dawowa.

"Matakalar nan," ya ce, yana tsayawa tsakanin kalmomi, "da buhu nake hawanta."

"Na sani, Baba."

"Ganinsu kawai zan yi."

"Na sani."

Ya rufe ido. Daga bayan ƙofar sama ana jin ƙarar ƙafafunsu a kan siminti.

"Auta."

"Na'am."

"Ki kira Dogo."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Shi ya san yadda ake yi. Ba a sakin tattabara a sabon gida don ta ci ta sha. A fige mata dogayen gashin fiffike, a rufe ta. Kafin gashin ya fito ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe. Ba ta barin 'yan shila." Ya huta. "Ya ɗauka duka. Ki ce masa ya ci nasara, maƙetaci."

"To, Baba."

"Amma tsofaffin, ko an yi musu haka, wani zai dawo. Eriya zai dawo. Muddin yana jin tarina a gidan nan ba zai daina ba." Ya buɗe ido yana kallon hatsin da ke zube. "Ni kuma muddin ina jin sa, zan sake hawowa. Ki gaya wa yayanki ya gyara mini ɗaki. Ku rufe ni can har in saba."

Dogo ya zo washegari da kejinsa. Dogon tsoho ne mai rankwafaffen baya. Ya tsaya daga bakin tagar Baba, don an ce kada ya shiga da kayan da ke jikinsa.

"Mai Rediyo, ashe batir ya yi sanyi."

"Naka ma saura ƙiris, ɓarawon ƙwai."

"Zan riƙe su amana."

"Sifika ba ta shiri da Batir, kar ka haɗa su gida ɗaya."

"Ni za ka koya wa?" in ji Dogo, ya juya ya hau sama da sauri.

Ɗakin da Yaya ya ba Baba a ƙasa yake, mai tayil da taga ɗaya ta gilashi da ke kallon katangar maƙwabta. Matar Yaya tana goge shi kullum. Babu ƙura ko kaɗan. A zuwan da suka yi asibiti bayan nan, Likita ta dubi sakamakon hurawar ta ce bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba, ya tsaya, kuma abin da ake nema ke nan. Baba ya yi godiya. Ya daina tsokanar nas. A gidan Yaya yakan wuni a kujera, roba a hanci, hannuwansa a kan cinya, babu abin da za su yi.

Bayan wata biyu ko uku Eriya ya dawo, shi kaɗai, da sabon gashi a fiffike. Auta ta gan shi da safe a bakin katanga. Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma da Baba ya kira ta a waya kamar yadda yake yi kullum kafin ta fita aiki, ya ji kukan ta bayanta.

"Shi ne?"

"Shi ne, Baba."

Ta ji iska tana shiga tana fita a cikin wayar.

"Kada ki ba shi komai. Ko ruwa."

Haka aka yi ta yi. Kowace safiya Eriya ya sauka a inda akurkin yake a dā, ya zagaya, ya sauko bakin tagar ɗakin da babu kowa, ya leƙa. Auta tana kallonsa daga kicin, hannunta a kan gwangwanin hatsin da ta kasa zubarwa, ba ta buɗewa. Ya fara ramewa. Kowace safiya kuma waya ta yi ƙara. "Ya zo?" "Ya zo." "Kada ki ba shi."

Sai wata safiya bai zo ba. Ta hau sama ta duba, ta tsaya har ta kusa makara. Babu komai a benen sai wankakken siminti da ramukan ƙusoshi a bango. Wayar ta yi ƙara a hannunta.

"Ya zo?"

Ta yi tunanin ta ce eh. Kalma ɗaya ce, kuma ba zai taɓa hawowa ya duba ba.

"Bai zo ba, Baba."

 Tana jin gunjin injin a bayansa, da muryar matar Yaya can nesa tana kiran yara su sa takalmi.

"To," ya ce. "Ya yi hankali."

Bai kashe wayar ba, ita ma ba ta kashe ba. Ta sauko da ita manne a kunne, mataki-mataki, tana jin numfashinsa, har ta wuce inda matakalar ta karya kwana.